Shafi na Biyu na Takardar Idris

Ƙarfe huɗu da kwata na yamma, ran tara ga watan azumi, na juya takardar zuwa shafi na biyu. Na riƙe lokacin ne saboda agogon falonmu yana gabana, kuma da na gama layi uku na farko sai na ɗaga kai na zuba masa ido, kamar shi ne zai ce mini ban karanta daidai ba.

Bana azumi ya sake faɗowa cikin sanyi irin na waccan shekarar. Shekaranjiya aka yi ruwa a Madina, duwatsun Harra suka yi baƙi wuluk suna sheƙi, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya shigo ta taga ya haɗu da na shorbar da nake motsawa, romon shan ruwa. Sai ga ni a tsohon gidanmu, ina 'yar shekara goma sha tara, da ƙamus a cinya.

A unguwar Harra ta Yamma muke a lokacin, cikin shekarun casa'in, gida mai ɗaki uku da rufin da ke yoyo a kusurwar kicin. Baba direban bas ne, yana kai baƙi ziyara Uhudu da Ƙuba ya dawo da su Harami. Umma tana yin sambusar sayarwa duk azumi. Kaka, mahaifiyar Baba, da ƙafa ta zo daga ƙasar Katsina tana yarinya a bayan iyayenta. Aikin Hajji ya kawo su, ba su koma ba. Ni ce Safiya, ina aji biyu a sashen Turanci na kwalejin 'yan mata. Ban cika magana ba. A aji ko na san amsa sai in rubuta ta a gefen littafi, in jira wata ta faɗa.

Yayana Idris shi ne mai ƙafa. Gudun mita ɗari huɗu yake yi wa nadin unguwarmu, ƙungiyar wasanni ke nan. Yanzu yana unguwar Jurf a nan Madina, gemu ya yi fari, daga ƙofar gida zuwa masallaci ma mota yake nema. A wancan lokacin kuwa in ya sha kwana a fili kamar ba ya taka ƙasa. An taɓa tafiya da shi wata gasar matasa a ƙasar waje, ya zo na biyu, wani kocin jami'a daga Amurka ya gan shi ya karɓi adireshinsa. Ƙarshen Sha'aban sai ga ambulan mai kauri. Idris ya kai wa kocinsa na nadi, wanda Turancinsa bai wuce na filin jirgi ba. Ya dubi shafin farko, ya gane kalma ɗaya, ya rungume shi.

"Minha ce, ya walad! Za su ɗauki nauyin karatunka!"

A wurinmu minha, wato tallafin karatu, abu ɗaya take nufi. Ni kaina duk wata ana ba ni mukafa'a, ɗan kuɗin aljihu, a kwaleji don kawai ina karatu. Ɗan maƙwabcinmu da hukuma ta tura waje an ba shi tikiti da gida da albashi, har yana aiko wa uwarsa. Babu wanda ya kawo a ransa cewa akwai ƙasar da za ta ce ta ɗauki nauyinka ta bar maka ciyar da kanka. Baba ya faɗa a masallaci. Umma ta raba wa maƙwabta alewa. Idris ya je wani kamfani da suka yi masa alkawarin aiki bayan Salla ya ce musu su ba wani.

Ni ba don in karanta aka ba ni takardar ba. Rubutuna ne mai kyau, aka ce in cike gurabe in nuna inda Baba zai sa hannu. Amma ban iya cike abin da ban karanta ba. Shafi na biyu ya ce jami'a za ta biya kuɗin karatu da littattafai. Ɗakin kwana, abinci da tikitin jirgi suna kan ɗalibi. Babu albashi, ba a kuma yarda ya karɓi kuɗi a hannun kowa saboda gudu ba. Tallafin na shekara ɗaya ne, a duba a sabunta. Ranar da suke son amsa, da na lissafa ta da kalandarmu, ta faɗo kwana biyu kafin Salla.

Kwana uku ban gaya wa kowa ba. Kowace kalma sai da na duba ta a ƙamus biyu, nawa da na ɗakin karatu na kwaleji, ina fatan wata za ta canza ma'ana.

Azumin sanyi ba ya kawo ƙishirwa, yunwa yake kawowa. Da safe motar kwaleji tana zuwa numfashinmu yana fita kamar hayaƙi, yatsuna a daskare cikin abaya. Kafin azahar cikina ya fara ƙugi ana ji a aji. In na dawo na tarar Umma ta kwaɓa fulawa, Kaka tana yanka albasa tana hawaye tana zagin wuƙa. Mu zauna mu uku a tabarma muna naɗe sambusa, Umma tana murza, ni ina zuba nama, Kaka tana liƙe baki. Bayan la'asar a ɗora mai. Wannan ce sa'a mafi wuya, ƙamshi ya cika gida ba ka da ikon taɓa ko ɓurɓushi. Idris ya ɗauki farantai ya kai wa masu rumfuna a Uhudu, ya dawo ya ɗaura takalmi ya fita gudu, ya auna yadda zai shigo daidai da ƙarar igwar shan ruwa. Ya shigo tururi na tashi daga kansa. Sai dabino, sai burodin shuraik da dugga, garin gishiri da kayan yaji irin na mutanen Madina, sai kunun gyaɗar Kaka, wanda ta ce duk wanda bai sha ba Balarabe ne.

A kwana na uku Kaka ta tsayar da hannunta a kan sambusa ta dube ni.

"Ke, wannan ta huɗu ke nan kin miƙo mini babu nama a ciki. Miji aka yi miki ko jarrabawa kika faɗi?"

"Babu komai, Kaka."

"Babu komai ne ya sa kike kwana da takardar yayanki a ƙarƙashin matashi? Ni na share ɗakin."

Na faɗa mata, a hankali, ina kallon kwanon nama. Umma ta daina murzawa. Mai ya fara hayaƙi a kan wuta.

Bayan an sha ruwa Umma ta ce, "Safiya tana da magana." Ban taɓa jin falonmu ya yi faɗi haka ba. Na karanta layi-layi ina mayarwa Hausa, inda Hausa ta ƙi in sa Larabci.

Baba ya ajiye kofin shayi. "Kin tabbata? Koci fa ya gani."

"Shafin farko ya gani, Baba."

"Ke da ƙamus ɗinki!" in ji Idris, ya juya Larabci kamar yadda yake yi in ransa ya ɓaci. "Shekara biyu kina Turanci, kin fi mutumin da ya je Landan?"

"Kwana huɗu ya yi a Landan," in ji Kaka. "Zauna."

Na tattaro duk ƙarfin da nake da shi na ce akwai lambar faks a ƙasan takardar. Za mu iya tambayarsu ko akwai ƙari, ko zai iya yin aiki a can, da abin da zai faru in ya ji ciwo.

Baba ya girgiza kai tun ban rufe baki ba. "Shekara ashirin da biyu ina ɗaukar baƙin Manzon Allah. Mutum ya dunƙula mini abu a hannu, ban taɓa buɗewa a gabansa ba, balle in ce masa bai kai ba. Mutane sun ga yaro sau ɗaya sun ce za su biya masa karatu, sai mu aika mu ce ina sauran? A'a. In muna iyawa, mu ce mun gode ya tafi. In ba ma iyawa, mu ce mun gode ya zauna." Sannan ya ƙara da cewa, "Kuma ba ma iyawa."

Idris ya ce, "Halas, shi ke nan," ya tashi. Washegari bai fita gudu ba. Jibi ma haka. Takalmansa suna bakin ƙofa a bushe, shi kuma yana kwance yana kallon silin. Baba ya koma yin sallar la'asar a wani masallaci can gaba, inda ba za a tambaye shi yaushe yaro zai tashi ba.

Umma ba ta yi gardama da kowa ba. Da na dawo kwaleji dai na tarar da kwaɓin fulawa ya ninka, har ta aro kwano a maƙwabta. Ta kuma je wurin matan adashinsu ta roƙi a matso mata da nata kwasar. Na ce, "Umma, ai Baba ya ce ba za a iya ba." Ta ce, "Na ji shi. Miƙo mini gishiri."

Kaka ce ta kira ni ɗakinta, tana zaune da bargo biyu a kafaɗa.

"Ubanki a nan aka haife shi, bai taɓa tafiyar da ta fi Jidda ba. Mu da muka taho, duk garin da muka sauka sai babana ya tambayi mai masauki, rijiya ta gaba kwana nawa ce, ruwanta na sha ne, ana samun aikin auduga a can? Mutumin ya ba mu tuwo kyauta, mu ci, mu gode, mu kuma tambaye shi. Waɗanda suka ji kunya mun wuce kaburburansu. Ɗauko alƙalami."

"Baba fa?"

"Ni na haifi Baban. Ki ce ni na aike ki."

Sau shida na rubuta wasiƙar. Ta farko shafi guda ce cur ta gaisuwa da ban haƙuri, ban kai ga tambaya ba takarda ta ƙare. Malamarmu ta taɓa ce mana mutanen can abin da ya kawo ka suke so ka fara faɗa, don haka na yi ta ragewa. Kaka ta ce, "Ki dai gaishe su, ba dabbobi ba ne." Na bar layi ɗaya na gaisuwa, layi ɗaya na godiya, da tambayoyi biyar masu lamba. Na sa sunana a ƙasa, na rubuta cewa ni ƙanwarsa ce. Na sake kwafe shafin da kyau.

Injin faks yana wata maktaba a bakin babban titi, inda ake sayar da littattafan makaranta. Ba ni da mai kai ni sai Idris. Na tsaya a ƙofar ɗakinsa da takardar.

"Baba ya sani?"

"Kaka ta sani."

Ya dube ni. "Ke da ko mai bagala, kantin bakin lungu, ba kya iya tambaya canji, Amurka za ki tambaya?"

"A rubuce ne."

Ya yi dariya, ta farko cikin kwana huɗu, ya jawo takalmi.

Yanzu da nake koyarwa, ɗalibaina sukan ɗora waya a kan takarda ta fassara musu kafin su ƙifta ido, su aika tambaya wata nahiya amsa ta zo ba su gama shan shayi ba. Mu kwana goma muka yi muna jira. Idris ya koma gudu, ya sauya hanya yadda za ta bi ta gaban maktaba. Kullum in ji takunsa a lungu in ɗaga kai daga kaskon mai, ya shigo ya girgiza kai, in mayar da idona kan sambusa.

Goman ƙarshe ta shigo, gari ya cika da masu Umara, rumfunan Uhudu suna neman ninkin abin da muke kaiwa. Muna fara naɗi tun hantsi tunda an ba mu hutu. Bayan hannuna ya tsattsage saboda ruwan sanyi, gabansa duk tabon mai. Naman da muke sa wa a miyarmu ya koma cikin sambusa, shan ruwanmu ya zama shorba da burodi. Baba yana ganin farantai suna ƙaruwa, yana ƙetare su ya wuce.

Ran ashirin da uku aka yi ruwan da ban taɓa ganin irinsa ba. Tun azahar sama ta yi duhu ta wajen Uhudu, aka fara da ƙanƙara ƙanana suna tsalle a tsakar gida, sannan ruwa ya ɓarke. Lungunmu ya zama kogi mai jan laka. Kusurwar kicin ta buɗe sosai, muka jera bokiti uku da tukunya, muka kwashe farantai zuwa gadon Kaka, ita kuma tana zaune a tsakiyarsu tana korar kowa. Idris ya kai kaya Uhudu da buhu a ka. Da ya biya maktaba aka ce masa layin waya ya mutu. Kwana biyu yana mace. Na riƙa tunanin amsar ta zo ta tarar da ƙofa a rufe ta koma. Ban san ko haka faks yake yi ba, ban kuma iya tambayar kowa ba.

Ran ashirin da shida, saura kusan rabin sa'a a sha ruwa, na ji takun da ba irin na kullum ba. Idris ya faɗo kicin, ya zaro wata takarda mai santsi a naɗe daga cikin rigarsa, gumi ya jiƙa gefenta.

"Karanta. Duk shafukan, don Allah."

Wata mata ce a ofishin da ke kula da 'yan wasa ta amsa. Ta ce tambayoyin daidai suke, da ma kowane gida suna yinsu kafin su sa hannu. Ta bayyana cewa kocin gudu tallafi kaɗan ake ba shi, shi yake gutsuttsura shi tsakanin masu gudu da yawa, don haka da wuya a samu wanda aka biya wa komai a shekarar farko. In Idris ya yi ƙoƙari a fili, ya kuma riƙe karatunsa, rabonsa yana iya ƙaruwa. In ya ji ciwo wajen gudu su za su yi masa magani, ba za a yanke masa tallafi a tsakiyar shekara ba, amma ba ta yi alkawarin shekara ta gaba ba. Zai iya ɗan aiki a cikin makaranta. A ƙarshe ta ce ta nuna wa koci wasiƙata. Bai san halin da gidanmu yake ciki ba, kuma wani yaro da aka ware wa rabo ya zaɓi wata jami'a. Ya ƙara wa Idris abinci. Ɗaki da tikiti suna nan a kanmu.

Igwa ta tashi ba wanda ya motsa. Sai da Kaka ta cusa mini dabino a baki.

Umma ta ce, "Ɗakin shekara ɗaya, da adashi da wannan," ta nuna kasko da haɓa, "in Allah ya so ba zai gagara ba."

"Saura mai sa hannu," in ji Idris. Baba yana Harami da baƙinsa, ya dai ce gobe zai hau rufi ya liƙe yoyon.

Duk suka juyo suka dube ni. Na ce Kaka ce ta aike ni, ita ya kamata ta je. Kaka ta ce ita ba ta iya karatun Nasara ba, kuma gwiwarta ba ta hawa bene.

Washegari da hantsi rana ta fito fes. Baba bai fita da bas ba, ya hau rufi da gwangwanin kwalta yana liƙe inda ya tsage. Na tsaya a ƙasan matakala har ƙafata ta yi sanyi, sannan na hau. Daga can ana hango Uhudu, ruwa ya wanke shi ya yi ja. Baba yana tsugune, ya naɗe hannun riga, bai juyo ba.

"Baba, na yi abin da ka hana."

"Na sani. Mai maktaba sahunmu ɗaya a sallar asuba." Ya ci gaba da shafa kwalta. "Tun ran da kuka aika ya tambaye ni ko an dace."

Na tsaya da takarda iska tana kaɗa ta.

"To, sun zage mu?"

"A'a, Baba. Sun ƙara abinci."

Ya ajiye buroshi. "Karanta."

Na karanta ina fassarawa. Da na kai ƙarshe ya ce in koma wurin ciwon, na koma. Ya ce in koma inda matar ta ce tambayoyin daidai suke. Na sake karantawa. Ya goge hannunsa da tsumma, yatsa ɗaya bayan ɗaya, ya daɗe yana yi.

"Gobe ne ranar ƙarshe," na ce. "Me zan rubuta musu?"

Ya dubi ƙasa, tsakar gida, inda Kaka ta fito da bargonta tana shan rana, ta yi kamar ba ta san muna sama ba.

"Ki ce mun gode, yana zuwa. Tikiti a wuyana." Ya miƙo hannu na ba shi alƙalami, ya sa hannu a kan gwiwarsa, kwalta ta ɗan taɓa gefen takardar. Bai sake ta nan da nan ba. "Tunda ke kin iya, ki ƙara mini guda ɗaya a ƙasa. Ki tambayar mini matar nan, in ya gama karatun, za su sako mini shi ya dawo gida?"